Amsoshin Tambayoyinku: Idan Na Daina Biyan DStv, Me Za Mu Kalla?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Nima a Accra ya ce kuɗin talabijin na wata-wata ya fi ƙarfin aljihunsa. Yana so ya san yadda gidansa zai kasance idan ya daina biya.

To Malam, wannan kuka ba naka ba ne kai kaɗai. A 2025, ministan sadarwa na Ghana, Samuel Nartey George, ya nemi kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya rage farashi da kashi 30 cikin ɗari, domin darajar sidi ta ƙaru.

Daina biya ba zai rufe maka talabijin ba. GTV da TV3 da UTV kyauta ake kama su da eriya, haka ma tashoshin da ke kan MultiTV, wanda da zarar ka sayi akwati da faranti, shi ke nan. Labarai da Hausa kuwa suna nan a BBC da DW da RFI. Finafinan Kannywood sun cika YouTube, sai dai a kula da data, don tana iya cin kuɗin da aka ce an rage.

Abin da zai fi yi maka wuya shi ne gasar Firimiyar Ingila. Gidajen kallon ƙwallo a Nima da Maamobi za su cike wannan gurbi.

Ka zauna da uwargida da yara tun kafin wata ya ƙare, ka faɗa musu dalili. Kuɗin kuma a ware shi don makarantar yara.