Yadda Malamin Jami'a Zai Naɗi Darasi Ya Isar Ga Ɗalibansa

Tun da annobar korona ta sa aka rufe jami'o'i a 2020, malamai da dama suka fahimci cewa karatu yana iya isa ga ɗalibi ko ba a taru a zaure ɗaya ba, muddin malamin ya bi tsari, ya kuma tuna cewa ɗalibin nan a cikin kuɗin abincinsa yake sayen data.

Da farko sai malam ya kasa darasin kashi-kashi, kowane kashi mas'ala guda, kada ya wuce minti 10, domin wanda yake saurare ta waya a ɗakin kwana, ga hayaniyar abokai, ga caji yana ƙarewa, ba shi da natsuwar wanda ke zaune gaban malami. Sa'an nan ya rubuta kanun maganarsa, ya nemi wurin da ƙugin janareta ba ya kaiwa, ya ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinsa, ya naɗi jimla biyu ya saurara tukuna.

A ganina murya ta fi bidiyo, sai fa inda gani ya zama wajibi, kamar warware lissafi ko nuna zane, saboda muryar minti 10 da aka matse ba ta cika wuce megabait 5 ba, alhali bidiyo mai irin wannan tsawo yakan ninka haka sau da yawa. Sai a haɗa ta da rubutun darasin a PDF, a sa wa shafuka lamba, malam yana bayani yana cewa “ku duba shafi na 4”, tamkar mai ba da karatun littafi a zaure.

Idan jami'a tana da Moodle, manhajar da Martin Dougiamas ya fitar a 2002, can ya kamata a ɗora, don tana nuna wanda ya buɗe darasin. In kuwa sai WhatsApp, lalle a kulle zauren yadda shugabanninsa kaɗai za su yi rubutu, in ba haka ba gaisuwar Juma'a za ta binne darasin kafin azahar.

Daga nan malam ya shirya tambayoyi biyar a Google Forms, ya yanka wa'adi, ya duba wadda mafi yawa suka faɗi a kanta, ranar da aka haɗu a aji da ita zai buɗe muraja'a.