Kafin a Kai Mutum Gidan Ajiya

Jama'ar ƙasar Ƙaraye da Rogo, wannan 'yar takarda bayani ce a kan gidajen da a ke ajiye manya waɗanda ba su iya kula da kansu, watau masu taɓin hankali, da waɗanda shaye-shaye ya ci ƙarfinsu, da gajiyayyu. Bisa al'adarmu a gida a ke riƙon irin waɗannan mutane, har yanzu kuwa wannan ya fi. Amma akwai sa'ad da abin ya kan fi ƙarfin dangi, sai wani ya ce ai akwai gida a gari kaza, a kai shi can. To, nan ne wurin buɗe ido.

A cikin watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, waɗansu da tabon bulala a baya. A watan Oktoba aka sami irinsa a Daura. A wannan shekara kuma Gwamnatin Kano ta ba da umurni a rufe gidajen mari. Abin lura shi ne galibin mutanen nan ba sato su aka yi ba. Danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara a ke yi musu.

Don haka kada ka tsaya a zaure ka yi sallama da mai gida. Ce a nuna maka ɗakin da ɗan'uwanka zai kwana. Kadan aka hana ka, ka riga ka sami amsa, sai ka koma da shi.

In ka shiga, fara duban ƙofa. Da dare kulle ta a ke yi ta waje? Wa ke riƙe mabuɗi, ina kuma ya ke kwana? A cikin watan Agusta na 2001, a wani gari na ƙasar Indiya mai suna Erwadi, gobara ta tashi a wani gidan masu taɓin hankali, mutum 28 suka hallaka, don kuwa suna ɗaure da sarƙa, ba wanda ya iya gudu. Mu nan mun san yadda wuta ta ke cin danni da zana lokacin hunturu. Gidan da ba a iya fitar da kowa daga cikinsa nan da nan bai cancanci a kwana cikinsa ba, kome kyaun sunan mai shi.

Sa'an nan ka dubi taga, ka ƙirga tabarmi. Mutane da yawa a ɗaki marar iska, in ɗayansu yana da tarin fuka, sauran su kan ɗauka. Ƙazwa ma haka. Dubi nisan shadda da rijiya, gama daga nan amai da gudawa ke shigowa. Zancen abinci ba sai an tambaya ba, jikin mazauna gidan zai gaya maka. Wanda ya ke kwance ba ya iya motsi, wajibi ne a riƙa juya shi bayan kowace sa'a biyu ko kusa da haka, in ba haka ba gyambo ya kan fito masa a ƙugu da duga-dugai. Mata kuwa lalle a ware musu sashensu, mata su kula da su.

Mari ba magani ba ne. Ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar sauran, likita yana da maganinsa, shan maganin kuma bai hana addu'a ba. Tun 1954 Likita Adeoye Lambo ya nuna haka a Aro kusa da Abeokuta, inda ya saukad da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowa tare da ɗan'uwansa mai jiyya, da rana suna zuwa asibiti. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwa ta 1958, ta kuma tsare mai taɓin hankali daga azaba da wulakanci. Saboda haka tambayi wane likita ke zuwa gidan, a kuma nuna maka littafin da a ke rubuta sunan kowa da maganinsa.

Kai ma da sauran aikinka bayan ka kai shi. Riƙa zuwa ba tare da ka aika ba, ka keɓe da shi ku yi magana, ka dubi idon sawunsa da bayansa. In ka ga abin da bai gamshe ka ba, sanad da dagaci ko hakimi, ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko 'yan sanda.

Tun farko ma gara a fara da asibitin Ƙaraye ko na Rogo, su ba da takarda zuwa asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Mutanen Rogo da ke bakin iyaka, in Zariya ta fi musu kusa, akwai asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma na Barnawa a Kaduna.