Mai gadin da ya duba asali ya manta da riga

Ɗana, na duba gyaran da ka turo mini daren jiya. Ka yi ƙoƙari, sai dai layi hamsin ka zuba a inda biyu za su wadatar. Zauna tukuna in ba ka labarin wata ɓaraka da aka toshe a Linux a 2013.

Ka san saitunan kanel, wato zuciyar tsarin, suna zaune a /proc/sys, na sadarwa kuma a /proc/sys/net. A can ne ake kunna ip_forward, injin ya koma mai miƙa saƙonni tsakanin hanyoyi. Lamba ɗaya kawai ake rubutawa a fayil, shi ya sa aka ajiye mai gadi a ƙofar.

Kowane shiri da ke gudana yana da shaida biyu. Ɗaya ta asali ce, ta wanda ya tashe shi. Ɗayar kuwa ta rigar da yake sanye da ita a yanzu, kuma ita ce ake yanke hukunci da ita. Shiri mai hankali, ko da root, wato mai cikakken iko, ne ya tashe shi, yakan tuɓe babbar riga ya sa ta talaka kafin ya taɓa abin da bai yarda da shi ba, domin in an yaudare shi ɓarnar ta tsaya kusa. To, mai gadin saitunan sadarwa, net_ctl_permissions, a wancan lokacin asali yake tambaya. Da ya ga root, sai ya wangale ƙofa, alhali mai shigowar da kansa ya ajiye ikonsa. Tuɓe rigar ya tashi a banza ke nan.

Eric Biederman ne ya gyara, gyaran kuma ya shiga sigar 3.11.5. Layi biyu ya taɓa: inda ake duba current_uid aka koma current_euid, binciken rukuni ma aka mayar da shi kan riga. Harafi ɗaya a layin farko, ɗana! Ni abin da ya fi burge ni shi ne, mai gadin sauran fayilolin /proc/sys tun da daɗewa rigar yake dubawa. Amsar tana gidan maƙwabci, leƙawa ce ba a yi ba.

Kai ma leƙa. Ga yadda sauran ƙofofi suke tambaya, ka yi irin tambayarsu, ka bar ƙirƙiro taka. Na kuma lura duk gwajinka da root ka yi. Wanda ke riƙe da makullin kowane ɗaki, ina zai gane ƙofar da ba ta kulle? Ni ma na taɓa yin haka ina sabon shiga, na kwana biyu ina murna, sai wani abokin aiki ya buɗe fayil ɗin da nake zaton na kulle a gabana da asusun baƙo.

Gobe da safe ka gwada da asusun da ba shi da ikon komai, sannan da shirin da ya tuɓe rigar root. In an kori dukansu biyun, kira ni mu duba tare kafin azahar.