Ciwon wuya: nauyin da ido ba ya gani

Mukan ce ma'aikacin biro ya huta: yana zaune a inuwa, ba noma, ba dako. Amma da yawa cikin masu aiki da kwamfuta suna kukan ciwon wuya da kafaɗa. Daga ina ciwon ke fitowa?

Akwai wata tsoka mai faɗi da ta taso daga ƙeya, ta sauko kan kafaɗu, ta kai tsakiyar baya. Ita ke riƙe kafaɗa, tana kuma taimakon wuya wajen tallafe kai. Nauyin kan babban mutum ya kai kamar kilo 5.

Yaya ake auna wahalar tsokar nan? Duk lokacin da tsoka ta ɗaure, takan fitar da lantarki ɗan kaɗan. Masu bincike suna manna ƴan ƙananan faifai bisa fatar kafaɗa, su haɗa su da na'ura. Ba allura, ba zafi. Da farko mutum zai ɗaga kafaɗa da iyakar ƙarfinsa, a rubuta. Sannan ya koma bakin aikinsa, na'ura tana ƙidaya. Daga baya sai a gwada biyun.

Awon ya nuna aikin kwamfuta ba ya cin ƙarfin tsoka da yawa. Matsalar ita ce rashin hutu. Tsokar manomi tana ɗaurewa tana saki. Ta mai kwamfuta kuwa tana iya daɗewa a ɗaure. Mu gwada: mu miƙe hannu da ƙoƙon ruwa na minti 5. Ƙoƙon ba nauyi, amma kafaɗa za ta gaya mana.

A wani bincike da aka wallafa a 1993, an auna mata masu zuba cakulan cikin kwali a ƙasar Norwe. Waɗanda tsokarsu ba ta yawan sakewa, su ne suka fi kamuwa da ciwon. Damuwa da gaggawar aiki su ma suna ƙara ɗaure tsokar.

Darasin nan namu ne duka: tela bisa kekensa, mai duban salula, da mu da ke sunkuye bisa littafi.

Me za mu yi?
1. Mu ɗaga abin da muke dubawa ya zo kusa da saitin ido.
2. Mu sassauta kafaɗu, gwiwar hannu tana kusa da jiki.
3. Bayan kowane minti 30, mu tashi, mu miƙe, mu juya kafaɗu.

Hattara! In wuya ya sanƙare, ga zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, wannan ba gajiya ba ce, yana iya zama sanƙarau. A kai mutum asibiti nan take. Haka kuma in hannu yana mutuwa ko ya rasa ƙarfi, a ga likita.

Tambayoyi:
Me ya sa aiki marar nauyi ke kawo ciwo?
Wace alama ce ke sa a garzaya asibiti?