Sitailo a cikin gamba

Tambaya: Ina da fili mai gamba, amma shanuna na ramewa da rani. Zan iya shuka sitailo ba tare da na nome ciyawar ba? Makiyayi, Kaciya.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam. Busasshiyar gamba cika ciki kawai take yi, sitailo ne ke gina jiki. Da saukar ruwan farko, sa shanu su cinye gambar har ƙasa, kofatonsu su sassauta wurin. Ɓawon irin sitailo tauri gare shi, sai ka jiƙa shi kaɗan a ruwan zafi kafin ka watsa. Zuba takin sufa. Kada ka kuskura ka sa yuriya, gamba za ta miƙe ta rufe sitailon da inuwa. In ta yi tsawo, a ɗan sake kiwo. Nemi irin sitailo mai suna Verano a cibiyar NAPRI, Shika.