Mota ta ƙi tashi da safe a Gecheme

Wani direba daga Gecheme, mai jigila da Hilux zuwa Tibiri da Dogondutse, ya rubuto cewa da safe motarsa sai ta yi "ƙas" sau ɗaya ta yi shiru, kuma an ce masa ya canza sitata.

Malam direba, sannu da fama, amma kada ka yi gaggawar fitar da kuɗi. Kunna fitilun gaba, ka murɗa makulli. Idan haskensu ya dushe sosai, baturi ne ya yi rauni ko kawunansa sun yi datti. Zafin watan Afrilu na cin baturi ƙwarai. Idan hasken bai motsa ba, zargi ya koma kan sitata ko wayar da ke kai mata wuta.

Duba kawunan baturin. Farin garin da ke taruwa a kansu yana tare wuta. Cire wayar mai alamar (-) tukuna, ka wanke da ruwan ɗumi da kanwa, ka goge, ka ɗaure tamau. Gargadar hanya na kwance wayar da ke haɗe da jikin mota, ita ma a taɓa ta.

Mai gyaran wutar mota ya auna maka: lafiyayyen baturi na ba da bolt 12.6, in inji na aiki kuma wajen 14. Ƙasa da 13 alhali inji na aiki alama ce caji ba ya shiga.

Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, sitata na ƙonewa. Tura mota ta tashi na fitar da kai yau, amma gobe matsalar na nan.