Nasiha Ga 'Yata Mai Shirin Karatun Kula da Yara

 Babanki ya ce kin gama sakandare, kuma zuciyarki ta karkata ga karatun kula da ƙananan yara, sai dai kina waswasi tsakanin aji da asibiti. Ya ce ƙawayenki na yi miki dariya, wai raino za ki je ki karanto, abin da kowace yarinya a Kumagannam ta iya tun tana goyon ƙanenta. To, saurara ki ji ta bakin goggonki.

Goyo kam kin iya shi. Amma iya goyo daban, gane abin da ke damun yaro daban. Ɗan shekara biyu ba zai ce miki ga inda ke yi masa ciwo ba. Ɗan shekara huɗu ba zai ce bai karya kumallo ba, sai dai ki ga yana gyangyaɗi ana karatu. Abin da makaranta za ta ƙara miki shi ne idon lura, da sanin matakin da za ki ɗauka a kan abin da kika gani. Ko aji kika zaɓa ko asibiti, jarin aikin ke nan.

Hanyoyin ba su yi miki nisa ba. In koyarwa kike so, ga Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman a Gashuwa, inda ake yin NCE cikin shekara 3. Ki nemi fannin ilimin ƙananan yara, in kin gama ki yi rajista da hukumar malamai ta ƙasa. In lafiya ce, ga kwalejin kimiyya da fasahar lafiya a Nguru mai horar da ma'aikatan lafiyar al'umma. Aikin jinya da ungozoma kuwa, akwai Kwalejin Shehu Sule a Damaturu. Mai son ƙaro ilimi, ga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013. Abu ɗaya nake ja miki kunne a kai: duk makarantar da za ki shiga, kafin babanki ya biya ko kwabo, a tabbatar hukumar da ke ba da lasisin wannan aiki ta amince da ita. Takardar da ba ta da lasisi a bayanta asarar shekaru ce.

In kin tafi fannin lafiya, za a koya miki cewa kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, su ne lokacin da jiki da ƙwaƙwalwa suka fi saurin ginuwa. Za a ce nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Faɗin haka a aji ba wuya. Wuyar tana ranar da za ki tsaya gaban kakar jariri a tsakiyar bazarar Yusufari, ta ce miki wane irin rashin imani ne a hana jinjiri ruwa a wannan zafi. Kada ki ɗaga mata murya, kada ki nuna mata kin yi boko. Ta raini 'ya'ya tun ba a haife ki ba. Ki gaishe ta, ki zauna a tabarmarta, ki bayyana mata cewa nonon kansa yawancinsa ruwa ne, kuma ruwan randa na iya kawo wa jariri gudawa. In kaka ta gamsu, gida ya gamsu. In kika kunyata ta, ko katin rigakafin ba za ki sake gani ba.

Ki riƙe ƙananan abubuwa da kyau, domin su ke ceton rai. Ma'aunin damtse na yara daga wata 6 zuwa 59: in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. In kika danna bayan ƙafafun yaro duka biyu gurbin yatsa ya zauna, shi ma haka ne, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Gudawa, a ba da ruwan gishiri da sukari na leda tare da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Rigakafi ana farawa daga haihuwa, sai mako 6, 10 da 14, sai wata 9 a yi na ƙyanda, a maimaita shi a wata 15. Da damina kuma a riƙa ba yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wata-wata.

Sannan ki san iyakarki. Yaron da ya kasa kama nono, ko yake amayar da komai, ko yake jijjiga, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa in yana numfashi, ba na ajiyewa ba ne. Tura shi babban asibiti a Gashuwa ko Asibitin Tarayya na Nguru tun da rana. Kin san hanyarmu da rairayi, jinkirin sa'a ɗaya yakan zama na yini. Mutane za su kira ki likita; ki amsa gaisuwarsu, amma kada sunan ya ruɗe ki har ki yi aikin da ba a koya miki ba.

In kuwa aji kika zaɓa, ki sani ɗan shekara huɗu da wasa yake koyo. Kada rashin kayan aiki ya kashe miki gwiwa. Ƙwallon dabino ya isa koyar da ƙirga, rairayi ya isa rubuta harafi, tatsuniya ta isa buɗe baki da kunne. Ajinki zai tara ɗan Manga da ɗan Fulani da Bahaushe, in a Gashuwa ne har da ɗan Bade. Ki koyi gaisuwa da lallashi da harshen kowannensu, domin yaron da ya ji harshen uwarsa a bakin malama ya daina tsoron makaranta. Ki ajiye bulala. Wanda kika kira bai waiwayo ba, kafin ki ce taurin kai ne, ki gwada ko kunnensa ne ba ya ji sosai. Wanda yake matse ido yana kallon allo, ki dawo da shi gaba, ki sanar da iyayensa.

Babban abin da zan bar miki shi ne amana. Aikin nan zai shigar da ke ɗakunan mutane. Za ki ga maraya, ki ga mai buƙata ta musamman, ki ga tsohuwar da ba ta da mai juya ta a shimfiɗa, ki ga gidan da tukunya ba ta hau wuta ba. Abin da kika gani ya tsaya tsakaninki da littafin aikinki. Kada ki kai shi bakin rijiya, kada ki ɗauki hoton ɗan wani ki sa a Facebook ko WhatsApp don a yaba miki. Amma in kika ga alamar ana cutar da yaro, shiru ba sirri ba ne, cin amana ne; ki kai maganar ga shugabarki ba tare da ɓata lokaci ba.

Ba zan ɓoye miki ba, albashin ba mai yawa ba ne, gajiyar kuwa tana da yawa. Lokacin aikin gwaji, kada ki raina share ɗaki, wanke hannu da sabulu da cike rajista. A nan ake gane wadda za ta iya. In kin samu takardarki, ki tuna da gida. Mata da yawa a ƙauyukanmu sun fi sakin jiki da mace 'yar uwarsu mai jin harshensu, kuma baƙuwar ma'aikaciya ba ta cika daɗewa a wajenmu ba.

Ki yi istihara, ki shawarci iyayenki, sannan ki zaɓi ɗaya ki riƙe shi da hannu biyu. Allah Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya sanya tausayi a zuciyarki, Ya sa al'umma ta amfana da ke. Amin.